Jan Jakar Hajara

Ranar da Salisu ya fara ganin Sumayya ba da murmushi ta tarbe shi ba. Tana tsaye a ƙofar zauren babanta a unguwar Zango, waya a hannu, fuska a murtuke, shi kuwa yana fama da jingine babur a gindin darbejiya.

"Kai ne mai gyaran sit ɗin?"

"Ni ne. Sunana Salisu."

"To Mushe Salisu, zo ka ga abin kunya."

Ta miƙo masa wayar. Shafin intanet ne na sayar da kayan fata, takalma da jakunkuna da alabe, amma duk abin da ke ciki an sayar da shi tun shekarun baya. Wasu 'yan porje, ma'aikatan wani shirin tallafi, ne suka gina wa dukawan Zango shi, suka yi biki, suka ɗau hoto, suka tafi abinsu. Ta fuskar ciniki lafiyarsa lau, mutum na Yamai ko Kano zai zaɓi kaya, saƙo ya faɗo a waya. Sai dai kowace kalma da kowane hoto an ɗinke su ne a cikin kod ɗin, wato rubutun na'ura da aka gina shafin da shi, ba mai iya sauya ko ɗigo sai wanda ya san aikin.

Salisu ya duba shafin, ya dubi mai shafin, ya sake dubanta. Allah ya sani, daga wannan kallo na biyu ba sit ɗin yake tunani ba.

Ta shigar da shi zaure. Warin jima da ƙamshin man gyaɗa suka tarbe shi. A kan buzu wani dattijo ne zaune, Malam Mutari, baduku ɗan baduku, wanda duk Damagaram in ana maganar jan fata sunansa ake fara kira. A bayansa akwai wani tsohon akwatin ƙarfe. Cikinsa ayyukan da ya ƙi sayarwa ne tun yana saurayi.

"Yaro," in ji shi, "ba kayan sayarwa ne damuwata ba, wannan Sumayya ta sani. Na cikin akwatin nan nake so a sa. Kowanne da sunansa, da labarinsa, don jikoki su san abin da hannun nan ya yi. Amma da sharaɗi. Ba a fitar da hoto sai na gan shi da idona a cikin wayar. Ku yaran yanzu ba ku san ja ba. Jan karan dafi daban, jan tumatir daban."

Sumayya ta rako shi waje, ta tsaya tana wasa da bakin mayafi.

"Wai ba yadda za a yi ni ma in riƙa sawa da kaina? Baba da safe yake jin labari, hasken safe ne kuma yake masa daidai."

"Akwai," ya ce. "Ɗan ƙaramin abu ne ake liƙa wa sit ɗin, kamar a fasa ƙofa a bayan gida. Ki shiga da kod ɗinki na sirri, ki rubuta, ki sa hoto, ki danna, shi ke nan."

"Don Allah yi mini."

"Zan yi. Kafin nan ni zan riƙa zuwa ina sa miki da hannu."

Aka tsayar da Alhamis da la'asar, ranar da yaran zauren ke tafiya kasuwar Dole, shi ma ya taso daga biro, wato ofishinsu, da wuri.

Salisu ba malalaci ba ne, kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Cikin 'yan kwanaki ya gama ƙofar nan tsaf. Bai taɓa ɓangaren ciniki ba, ya bar shi yadda yake. Rubutun da hotunan kawai ya zare daga cikin kod, ya ba su wurin zama na kansu. Ya yi gurbi uku, na suna, na hoto, na labari. Ya sa maɓallin dubawa kafin a fitar, saboda sharaɗin tsoho. Ya gwada a waya mai raunin rezo, wadda intanet ke wuyar kamawa, ya ga tana buɗewa. Ya tafi da ita Zango a cikin kwamfutarsa yana ta murna.

Ranar Sumayya ta dama masa fura da nono mai sanyi, ta zauna nesa kaɗan tana masa dariyar yadda yake riƙe ludayi. Baba Mutari ya fito da wata gafaka yana ba da labarin malamin da ya sa aka yi ta. Can ta ce, "Ai ka kusa hutawa da wannan zirga-zirga. Ranar da ka gama mini ƙofata, ba sai ka ƙara shan ranar Zango ba."

Maganar da ke bakinsa ta koma ciki.

"Yaya aikin, ya kusa?" ta tambaya.

"Da saura," ya ce. "Sit ɗin tsoho ne, sai a hankali."

Ƙarya ce 'yar ƙarama, ko nauyin allura ba ta kai ba a lokacin. Kuma yana da dalilinsa, in dalili ne. Salisu ɗan gidan malamai ne na cikin Birni, kuma ya riga ya ɗan taɓa wa mahaifiyarsa, Inna Hasana, zancen yarinyar. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"'Yar dukawa? A gidan nan? Salisu, ka nemi wata maganar."

Ba zai iya tura manya ba ke nan, Malam Mutari kuwa ba ya barin kowa ya tsaya da 'yarsa ba da izini ba. Alhamis ita ce kaɗai hanyar da ta rage masa. Mai hankali da sai ya koma ya yi ta lallashin uwarsa. Salisu sai ya zaɓi abin da ya fi sauƙi, ya rufe ƙofar a cikin kwamfuta, ya ci gaba da sa abu biyu duk mako da hannu.

Alhamis ɗin nan kuwa sun yi daɗi, ba a musu. Ta sa masa suna Mai Makulli, shi ya sa mata Hajiyar Alhamis. Tsakanin mako saƙonni ke tafiya.

"Hajiyar Alhamis, yau Litinin ce kawai? Wallahi na ɗauka an yi Laraba. Wa ke riƙe kwanakin nan ne?"

"Mai Makulli, ka yi aikin biro kada su kore ka. Baba ya ce koren jiya ya yi, amma baƙin rinin kuloko ya yi fari-fari. Ni kuma na ce furar jibi da zuma za a dama, in ka ga dama ka makara."

"In na makara ki sa a neme ni a lopital wajen likitoci, don lafiya ba za ta hana ni ba. Ki gaida Baba. Ke kuma ban san irin gaisuwar da zan miki ba."

"Wadda ka yi ta isa. Na ji ta."

Damina ta sauka, gero ya yi kai a gonakin hanyar Dogo, akwatin Baba Mutari bai ko kai rabi ba. A lokacin ne Salisu ya lura tsohon ya fara kawo wayar dab da hancinsa, yana karkata kai gefe kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure. Wata Alhamis Sumayya ta biyo shi har gindin darbejiya, idonta ya yi ja.

"Mun je wajen likitan ido. Hawan jinin ido ne, an gano shi a makare. Na hagu ya daɗe da tafiya, ɓoye mana yake yi. Na dama ne ya rage, maganin ɗigawa jinkirta shi kawai zai yi." Ta share fuska. "Salisu, don girman Allah ka hanzarta da ƙofar nan. In ina da ita, kullum da safe za mu yi uku ko huɗu."

Ba ta taɓa kiran sunansa haka kai tsaye ba. Kwamfutar na rataye a kafaɗarsa, ƙofar na ciki a gama. Abin da ya rage kawai ya buɗe baki.

Amma in ya ce ga ta, za ta tambaya tun yaushe. In ya kawo ta mako mai zuwa, Alhamis ta ƙare. Ya ce wa ransa tsofaffi duk haka idonsu yake, likitoci kuma sun iya tsorata mutane.

"Zan riƙa sa huɗu maimakon biyu," ya ce. "Ƙofar ma ina kanta."

Ta yi masa godiya har da addu'a. Wannan godiyar ce daga baya ta fi komai ci masa rai.

Akwai abu guda da Baba Mutari ya ce a bar shi a ƙarshe. Jaka ce ja da ya ɗinka wa marigayiya Hajara, mahaifiyar Sumayya, lokacin aurensu. Shi ya jeme fatar, shi ya dafa karan dafin, ya ce bai taɓa samun ja irin wannan ba, kafinta ko bayanta. Da kaka ta yi, aka fara ɗaure damman gero, sai ya kwana biyu da ciwon kai mai tsanani. Alhamis ɗin da ta biyo baya da kansa ya lalubo jakar daga ƙasan akwati.

"A tsallake sauran. Wannan za a yi yau."

Salisu ya ɗauki hoton, ya sa, ya miƙa masa wayar da hannu biyu. Tsohon ya kawo ta kusa, ya karkata kai, ya juya ta wajen ƙofa.

"Kun kunna kuwa?"

"A kunne take, Baba," in ji Sumayya.

"Ƙara haske."

"Hasken ya kai ƙarshe, Baba."

Ya daɗe riƙe da wayar. Sannan ya miƙo ta, ba wajen da Salisu yake ba, ɗan gefe kaɗan.

"A bar ta. Ban gani ba, kada a fitar."

Sumayya ta sa mayafi a baki ta shige gida.

Akwai wani saurayi mai suna Nazir, ɗan wani ɗan kasuwar Kano da ke sarin jakunkuna a zauren. Yaro ne mai tsabta da fara'a, shi ke kula da cinikin babansa ta intanet, kuma kowa ya san ba jakunkuna kaɗai ke kawo shi Zango ba. Ya zo gaida Baba da jiki ranar wata Alhamis, ya tarar da Salisu. Hira ta kai ga sit ɗin, Sumayya ta ce ai har yanzu ana fama da ƙofar da za ta riƙa shiga da kanta. Nazir ya karɓi wayar ya ɗan latsa.

"Wannan? Haba. Ai ɗan admin, ƙofar mai shafi, kawai za a jona masa. Ko yaran shagonmu 'yan kwanaki zai ɗauke su." Ya dubi Salisu da murmushi, ba da mugunta ba ma. "Ko akwai wata matsala ne, injiniya?"

Salisu ya kau da kai. Bayan Nazir ya tafi, Sumayya ta tsaya a gabansa.

"Gaskiya ya faɗa?"

Ya buɗe kwamfutar, ya juya mata. Ga gurbi uku, ga maɓallin dubawa, ga sunanta a sama an rubuta da ado.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin damina."

Ta kalli allon, ta kalli akwatin ƙarfe, ta kalli babanta da ke zaune yana shafa fata da tafin hannu.

"Ranar da na biyo ka ina kuka, tana cikin jakar nan?"

"Tana ciki. Sumayya, tsoro nake kada in daina ganinki. Inna ta ƙi, ba ni da wata hanya sai…"

"Ka sa ta," ta ce a hankali. "Ka sa ta ka tafi."

Kafin a kira magariba ya jona ta. Aikin bai kai tsawon shan fura ba, abin da ya ƙara masa baƙin ciki ke nan. Ya tura mata saƙo.

"Na buɗe ƙofar. Kod ɗinki na farko sunan Baba ne, ki sauya shi da kin shiga. Na cire kaina, ba mai makulli yanzu sai ke. Ba na neman ki yafe mini. Abin da na ɗauke ba nawa ba ne, kuma ba ni da yadda zan maido shi."

Ba ta amsa ba. Ya ga alamar ta karanta, shi ke nan.

Salisu ya rame. Alhamis ta yi sai ya rasa inda zai sa kansa, ya hau babur ya kama hanyar Mirya, ya dawo ba tare da ya sauka ba. Ya kan buɗe shafin ya ga kayan sayarwa sababbi suna hawa kullum, alamar ƙofar na aiki yadda ya kamata. Na cikin akwati kuwa ko ɗaya bai ƙaru ba. Labari ya zo masa cewa mutanen Nazir sun fara kai gaisuwa.

Inna Hasana ta gaji da ganin tuwo na komawa yadda ya zo. Ta zaunar da shi, ya faɗa mata komai, bai rage ba.

"Ni cewa na yi kada ka aure ta. Ban ce ka cuci tsoho ba. Amma da na saurare ka ranar, da ba ka laɓe a bayan na'ura ba. Tashi ka je ka faɗa masa da bakinka. Ni ma zan je dubiya. Mutumin da ya ɗinka wa babanka gafakar Alƙur'ani, ban san me ya hau kaina ba."

Da hantsi ya je. Ya tarar da Nazir ya riga shi, yana zaune a gefen buzu. Salisu ya cire takalmi, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya yi a gaban kowa. Sumayya na tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ba ta dube shi ba.

Malam Mutari ya saurara har ƙarshe.

"Na sani. Ta faɗa mini." Ya juyo da fuskarsa wajen muryar. "Yaro, da kaya ka ɗauka a zauren nan da na ce Allah ya amfana. Safiyata ka ɗauke. Duk safiyar daminar nan ina zaune a nan, idona na aiki, ina jiran Alhamis ɗinka. Ka san abin da ake ji, mutum ya farka ya ga duniya ta ragu da kaɗan, kuma a ce masa sai wani mako?"

"Ban sani ba, Baba. Na yi kuskure."

"Kuskure shi ne a yanka fata ba daidai ba. Kai da saninka ka yi."

Salisu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Nazir ya gyara murya, yana son ya sassauta wurin.

"Baba, a yi haƙuri. Ai hotunan ba su ɓace ba. Jakar nan ma na gani a wayar Sumayya, ta yi kyau sosai. A fitar da ita kawai, wallahi mutane za su yi rububi."

"Jan ya fito?" tsohon ya tambaya.

"Sosai ma, Baba. Ja zur."

"Sumayya ma haka ta ce mini. Kai fa, mai Alhamis? Kai ka ɗauka. Jan ya fito?"

Kalma ɗaya ce za ta sanyaya wa tsohon rai, kuma ba zai taɓa gane ba. Salisu ya karɓi wayar, ya dubi hoton, ya dubi jakar da ke rataye a ƙusa.

"Bai fito ba, Baba. Ya yi ruwan goro. Na jakar ya fi duhu, ya fi zurfi. Ranar la'asar ce ta shigo ta ƙofa ta ɓata shi."

Malam Mutari ya gyaɗa kai a hankali.

"Na sani. Shekara nawa ina zauren nan, ban taɓa duba rini da la'asar ba." Ya numfasa. "Nazir, kai ɗan kasuwa ne, komai a wajenka ya yi kyau, ba laifi ba ne. Sumayya tausayina take ji, ko baƙi aka nuna mata za ta ce mini ja ne. Kai kuwa ka yi mini ƙarya ka ɗanɗani ɗacinta. Ba na jin za ka ƙara. Ka cinye mini ido, sai ka ba ni aron naka. Kullum da safe kafin ka tafi biro, ka zo ka koyi launi. Ban ce na yafe ba. Aiki na ba ka."

Haka aka yi. Sumayya ke shiga ƙofarta, ta rubuta labarin da Baba ya faɗa, ta ɗauki hoto. Salisu ya zauna da guntayen fata a cinya, tsohon na koya masa sunan kowane launi da abin da ke ɓata shi, yana sa shi ya kwatanta da baki har sai ya gamsu. In Salisu ya ce bai fito ba, a sake. Wani lokacin sai a sake sau da yawa, har Sumayya ta yi tsaki.

Ta daɗe ba ta yi masa maganar da ta wuce ta aiki ba. Nazir kuwa ita da kanta ta ba shi haƙuri cikin mutunci, ya karɓa kamar ɗan halak, ya ci gaba da sarin jakunkunansa. Wata safiya Salisu na shirin tayar da babur, ta fito ta tsaya a inda ta saba tsayawa.

"Ka san abin da ya fi ƙona mini rai?"

"Faɗa mini."

"Da ka ba ni ƙofar tun ranar, da ni zan nemo dalilin da zai kawo ka. Da na ce ta lalace. Da na ce na manta kod. Kai kana ganin furar nan don sit ɗin nake damawa?"

Duk tsoron da ya ɓata damina guda a kansa, ashe ba shi da tushe tun farko.

"Sumayya, ban cancanci…"

"Ba ka cancanta ba," ta ce, hawaye da murmushi a haɗe. "Amma zuciyata ba ta tambaye ni ba. Ban manta ba, Salisu, kuma ba na jin zan manta. Sai dai na gwada ƙinka, abin bai yiwu ba."

Da yamma saƙonta ya shigo, na farko tun ranar nan.

"Baba ya ce in Inna Hasana da gaske take, ƙofar zaurensa a buɗe take. Kada ka ce da saura."

Ya amsa nan take. "Babu saura, Hajiyata. Gobe kawuna Mala zai zo. Ba Alhamis ba, gobe."

Aka sa rana bayan ƙaramar salla. Inna Hasana da kanta ta riƙa zirga-zirga tsakanin Birni da Zango, har maƙwabta na mata tsiya wai ta fi ango ɗoki. Kafin lokacin akwatin ƙarfe ya ƙare kaf, kowane aiki ya hau shafi da sunansa da labarinsa. Jakar Hajara ce kaɗai ke nan a ajiye cikin ƙofar Sumayya, an rubuta labarinta, ba a fitar ba.

Ranar ɗaurin aure, da sassafe kafin mutane su taru, Malam Mutari ya aika a kira ango. Salisu ya zo da babbar rigarsa. Sumayya ta fito a lulluɓe, lalle har gwiwar hannu, ƙawayenta na leƙe ta bayan labule. Tsohon ya sauko da jakar, ya shafa ta, ya ɗora a hannun 'yarsa.

"Ta uwarki ce, yau ta zama taki. Ɗauki hotonta kafin ki tafi da ita."

Ta ajiye ta a bakin zaure inda hasken safe ke sauka, ta ɗauka, ta sa a gurbinsa, ta danna maɓallin dubawa. Ta miƙa wa Salisu.

"To, surukina," in ji tsohon. "Jan ya fito?"

Salisu ya dubi wayar, ya dubi jakar. Ya sake dubawa, yana neman aibi, bai samu ba. Ja ne mai duhu, mai zurfi, kamar yanzu aka tsamo fatar daga tukunya. Hasken nan kuwa ba baƙo ba ne. Kullum yana sauka a bakin zauren nan, har da duk safiyar daminar da ta wuce.

"Ya fito, Baba," ya ce. "Wallahi ya fito. Shi ne sak."

"Ba ni."

Ya sa masa wayar a hannu. Malam Mutari ya bi gilashin da babban yatsa, sama da ƙasa, yadda yake bin fata in yana neman tabo.

"Sulɓi kawai," ya ce. "Da na so in gan shi." Ya miƙa wa Sumayya. "Danna, 'yata. Na yarda da idonsa."

Ta danna.

Tsohon ya lalubo kan Salisu, ya lalubo na Sumayya, ya dafa su.

"Na yafe maka, duniya da lahira. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu tsoronsa, ya sa ku tsufa tare da idanunku. Abin da ɗayanku ya roƙa yau, kada ɗayan ya ce sai wani mako."

"Amin, Baba," suka ce tare.

A waje an fara shimfiɗa tabarmi, ana jin sallamar mutanen Birni suna isowa da goro. Salisu ya share fuska da hannun riga, ya kama hannun surukinsa, ya fito da shi a hankali yana faɗa masa inda dokin ƙofa yake.